Kolombo da takardar mamaci: shin amsa laifi ta isa hujja?

Da tsohuwar zuma ake magani. Duk wanda ya taɓa zama cikin masu son filim ɗin Columbo, ko a fada wurin shan shayi ko a tsakar gida bayan isha'i, ya san akwai abin da ke ba baƙo mamaki game da su. Filim ne na kisan kai da bincike, amma tun a farkonsa ake nuna wa mai kallo wanda ya yi kisan, da yadda ya yi shi, da dalilinsa. Duk da haka mutanen nan za su zauna su kalli kashi guda sau uku, sau biyar, kuma kowane lokaci sai sun tashi da gardama. A cikin kashi 69 da aka yi na wannan filim daga 1968 zuwa 2003, akwai guda da gardamarsa ta ƙi mutuwa, yau fiye da shekara 50. A kansa za mu yi nazari, domin mun lura cewa abin da ake ja-in-ja a kai ya wuce nishaɗi, ya taɓo maganar da ta shafi kowane ɗan ƙasa da ƙafarsa ka iya taka komisariya wata rana.

Wane kashi ne wannan?

Sunansa da Turanci Murder by the Book, masu kallo da Faransanci kuma sun san shi da Le Livre témoin. Tashar NBC ta Amurka ta nuna shi ranar 15 ga Satumba 1971, kuma shi ne ya buɗe zangon farko na jerin, bayan fina-finai biyu na gwaji da aka yi a 1968 da farkon 1971. Wanda ya rubuta labarin shi ne Steven Bochco, wanda daga baya ya yi suna da Hill Street Blues da NYPD Blue. Wanda ya ba da umarni kuwa wani saurayi ne ɗan shekara 24 da ba a san shi ba a lokacin, mai suna Steven Spielberg; shekara huɗu bayan haka ya fitar da Jaws, duniya ta san da zamansa. A 1997 mujallar TV Guide ta sa wannan kashi a lamba 16 cikin kashi 100 mafi kyau da aka taɓa nunawa a telebijin ɗin Amurka.

Shi kuwa Kolombo, laftanan ƴan sandan birnin Los Angeles, Peter Falk ne ya fito a matsayinsa. Mu da muka san shi ta tashoshin Faransanci, da muryar Serge Sauvion muka saba jin sa. Ba a manta kamanninsa: tsohuwar rigar ruwa duk ta yamutse, guntun sigari a baki, ido ɗaya na gilas (an cire wa Falk idon dama yana ɗan shekara 3 saboda ciwon daji), da wata tsohuwar Peugeot 403 da ke tari kamar mai asma. Kullum yana zancen matarsa da ba a taɓa gani ba, kullum in ya kai bakin ƙofa sai ya juyo da wata ƴar tambaya ta ƙarshe. Raina kama ka ga gayya.

Abin da ya faru a cikin labarin

Bari mu tuna wa mai karatu labarin, don gardamar ba ta fahimtuwa sai da shi. Mutum biyu ne, Ken Franklin da Jim Ferris, sunayensu ke bisa littattafan binciken kisa da suka yi kasuwa ƙwarai. A gaskiya Ferris ne kaɗai ke rubutun. Shi Franklin aikinsa shiga gidajen telebijin, da sa hannu a littafi, da cin daɗin kuɗin. Da Ferris ya ce ya gaji, zai ware ya yi rubutunsa shi kaɗai, sai Franklin ya ga rijiyarsa za ta ƙafe. Akwai kuma asirans, wato inshorar rai, da ke tsakaninsu: in ɗaya ya mutu, ɗayan zai karɓi kuɗi masu yawa.

Sai Franklin ya lallaɓi abokinsa, ya ce su je gidan hutunsa da ke bakin tabki a yankin San Diego, tafiyar wajen kilomita 200 daga Los Angeles, su shirya. Kafin su kama hanya ya koma biro da wani ɗan dalili, ya hargitsa kaya kamar an yi kokawa, ya kuma ajiye takarda mai sunayen manyan ƴan ta'adda, don a ce su suka ɗauke Ferris. Kusa da tabkin ya tsaya a wani kanti, ya buga wa matar Ferris tarho, ya ce yana gidan hutunsa. Da suka isa gidan, ya sa Ferris ya kira matarsa ya ce mata yana biro, aiki ya riƙe shi. Suna cikin magana Franklin ya harbe shi. Matar ta ji ƙarar bindiga a kunnenta, ta kuma yi imani a biro aka harbi mijinta, cikin Los Angeles, alhali ta san Franklin yana can nesa. In an duba rajistar kamfanin tarho, kira ɗaya za a gani daga gidan hutun, Franklin ya ce ai nasa ne.

Dabara ta yi kyau, sai dai ramin ƙarya ƙurarre ne. Mai kantin, wata mata da ake kira Lily La Sanka, ta hangi Ferris zaune cikin mota. Da ta ga hotonsa a jarida, ta nemi Franklin ya ba ta dalar Amurka 15,000 ta yi shiru. Ya kai mata kuɗin, suka ci abinci tare, ya buge ta da kwalbar shampan, ya jefa gawar a tabki, ya kifar da kwale-kwale don a ce hatsari ne.

Yadda Kolombo ya bi sawu

Abin da ke sa a sake kallon wannan kashi shi ne ƙananan abubuwan da idon Kolombo ke tsinta. Ya tarar da matar mamacin a ruɗe, ya kai ta gida, ya shiga kicin ya soya mata wainar ƙwai, cikin hira ya gane cewa Franklin bai taɓa rubuta ko shafi ɗaya ba tun shekaru. Ya tambayi Franklin: mutumin da aka ce an harbi abokinsa, me ya hana shi hawa jirgin sama, ya zaɓi tuƙin awa biyu da wani abu? Da Franklin ya yar da gawar a ƙofar gidansa ya kira ƴan sanda, Kolombo ya lura cewa a daren nan mutumin ya samu natsuwar buɗe wasiƙunsa. Wa zai ga gawar amininsa a ƙofar gida ya tsaya duba takardun biyan kuɗi? Ya gano zancen asirans. A gidan Lily kuma ya samu marfin kwalbar shampan, da littafi mai sa hannun Franklin, alhali shi ya ce sanin shanu kawai ya yi mata.

Daga nan ne aka zo wurin da ake gardama. Kolombo ya ce kisan farko aikin gwani ne, na biyu kuwa na ɗan koyo ne, don haka dabarar farko ba daga kan Franklin ta fito ba. Ferris yana da al'adar rubuta duk dabarar labari da ta zo masa a guntun takarda. Kolombo ya tona takardun mamacin har ya samu wadda ke ɗauke da wannan dabara ta tarho, da rubutun hannun Ferris. Ya karanta wa Franklin. Nan take Franklin ya saki jiki ya amsa, har ya ƙara da cewa dabarar tasa ce, ita kaɗai ce mai kyau da ya taɓa yi a rayuwarsa, ya faɗa wa Ferris shekaru da suka wuce, bai zaci zai rubuta ta ba. Baki shi ke yanka wuya. Filim ya ƙare.

Inda masu kallo suka rabu

Kashi na farko na masoya suna cewa wannan ƙarshe ya yi daidai. A ganinsu Kolombo ba da takardar ya kama Franklin ba, da girman kansa ya kama shi. Mutumin da ya yi shekaru yana cin guminsa wani, yana jin kunyar hakan a ɓoye, ba zai iya jure a ce ko dabarar kisan ma ta aro ce ba. Gara a ɗaure shi a matsayin mai basira da a sake shi a matsayin fanko. Jack Cassidy, wanda ya fito a matsayin Franklin, ya iya nuna wannan hali har aka sake kiran sa ya zama mai kisa sau biyu, a 1974 da 1976.

Kashi na biyu kuwa suna cewa a tsaya. Me takardar nan ta tabbatar? Ta nuna cewa akwai wata dabara da Ferris ya taɓa rubutawa. Ba ta nuna an yi amfani da ita ba, ba ta nuna wanda ya yi amfani da ita ba. Ba a samu bindiga ba. Shaida ɗaya da ta ga Ferris a mota ta mutu. Rashin hawa jirgi da buɗe wasiƙa ba laifi ba ne a dokar kowace ƙasa. Da Franklin ya kama bakinsa ya ce a kira masa lauya, da wuya alƙali ya ɗaure shi kan kisan Ferris da abin da ke hannun Kolombo. Ga kuma hukuncin kotun ƙolin Amurka na 1966, wanda aka sani da Miranda, da ya wajabta wa ɗan sanda ya gaya wa wanda ya tsare cewa yana da ƴancin yin shiru da na samun lauya kafin a yi masa tambaya. Samarin yanzu ma suna ƙara nasu: da a zamanin salula ne, da dabarar ba ta kwana ba, don kamfani zai nuna daga wace eriya kiran ya fito.

Mu a namu nazari, kowane ɓangare na da gaskiyarsa, amma gaskiyar ba iri ɗaya ba ce. Na farko suna magana ne kan daɗin labari, na biyu suna magana kan shari'a. Tambayar da ta fi damun mu ita ce: me ya sa a kallon farko kusan kowa ke gamsuwa, sai a kallo na biyu ko na uku ne shakka ke shigowa?

Mun ga abin da alƙali bai gani ba

Amsar tana cikin ginin filim ɗin. Richard Levinson da William Link, waɗanda suka ƙirƙiro Kolombo, sun juya labarin bincike ne a bai-bai: maimakon a ɓoye mai kisa har ƙarshe, sai a nuna shi tun farko. Mu masu kallo muna cikin ɗakin lokacin da Franklin ya ɗana kunamar bindiga. Saboda haka duk abin da Kolombo ya tsinta, komai ƙanƙantarsa, mu a wurinmu hujja ce, tunda mun riga mun san gaskiya. Wasiƙar da aka buɗe ta zama shaida ne domin mun ga kisan. Da ba mu gani ba, da sai mu ce wataƙila ruɗewa ce ta sa mutumin ya rasa abin yi da hannunsa.

To a rayuwa babu wanda ake nuna wa farkon filim. Ɗan sanda bai gani ba, mai gabatar da ƙara bai gani ba, alƙali bai gani ba, mu ma da ke baza labari a gari ba mu gani ba. Abin da ke akwai shi ne zato, da alamu, da maganar mutane. Wanda ya sake kallon Le Livre témoin ya cire abin da ya sani daga ransa, ya sa kansa a kujerar alƙali, zai ga cewa abu ɗaya ne ya rufe shari'ar: mutumin ya amsa da bakinsa. Daga nan sai tambaya ta gaba ta taso, wadda ba ta filim ba ce: in mutum ya amsa laifi, shi ke nan an gama?

Waɗanda suka amsa abin da ba su yi ba

Tarihin kotuna ya ce a'a. Misali biyu sun isa, ɗaya daga ƙasar da aka yi filim ɗin, ɗaya daga ƙasar da ta juya mana shi zuwa Faransanci.

A watan Afrilu 1989 aka yi wa wata mata fyaɗe da mummunan duka a filin shaƙatawa na Central Park da ke New York. Ƴan sanda suka kama yara biyar, baƙaƙen fata da ɗan asalin Latin Amurka, masu shekara 14 zuwa 16. Bayan dogon tambaya, huɗu daga cikinsu suka amsa a gaban kamara, daga baya suka janye suka ce matsa musu aka yi. Gwajin ADN bai dace da ko ɗayansu ba, amma aka ɗaure su a 1990 bisa maganar bakinsu. Sai a 2002 wani fursuna mai suna Matias Reyes ya ce shi ya aikata shi kaɗai, gwajin ADN ya gaskata shi, kotu ta soke hukuncin. A 2014 birnin New York ya yarda ya biya su dalar Amurka miliyan 41. Ɗaya daga cikinsu, Yusef Salaam, an zaɓe shi ɗan majalisar birnin a 2023. Amma ƙuruciyar da aka ci a gidan kaso babu kuɗin da ke maido ta.

A Faransa kuma, a watan Satumba 1986 aka kashe yara biyu ƴan shekara 8 a garin Montigny-lès-Metz. A 1987 wani yaro ɗan shekara 16, Patrick Dils, ya amsa laifin a hannun ƴan sanda, sannan ya janye. Abin lura, kafin shi wasu mutum biyu sun riga sun amsa wannan laifi guda, aka ga maganarsu ba ta tsaya ba aka sake su. A 1989 aka yanke wa Dils ɗaurin rai da rai. Sai ranar 24 ga Afrilu 2002 kotu a Lyon ta wanke shi, bayan shekara 15 a kurkuku. A 2017 aka samu Francis Heaulme, wanda dama an san shi da kashe-kashe, da laifin kisan yaran.

Me ke sa mutum ya ɗora wa kansa abin da bai yi ba? Gajiya, da rashin barci, da tsoro, da ƙuruciya, da alkawarin cewa in ka amsa za ka koma gida. Inda kuma aka sa hannu ko bulala, to ba a ma tambaya. Wanda ake duka zai ce shi ya saci hasumiya in hakan zai sa a dakata. Shi ya sa dokar shari'ar laifuka ta Faransa, wadda tamu ta samo tushe daga gare ta, ta ce a aya ta 428 amsa laifi ɗaya ce kawai daga cikin hujjoji, alƙali ne zai auna ta kamar sauran. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1984 da ke hana azabtarwa, wadda Nijar ta shiga a 1998, ta ce a aya ta 15 duk maganar da aka tatsa ta hanyar azaba ba ta zama hujja a kotu. A 2014 kuma ƙungiyar UEMOA ta fitar da ƙa'idar da ta ba lauya damar tsaya wa mutum tun daga lokacin da aka kama shi. Duk waɗannan an rubuta su ne domin an ga inda baki ya yanka wuyan marar laifi.

Abin da ya kamata a yaba wa Kolombo

Kada mai karatu ya ɗauka muna zubar da mutuncin laftanan ne. Ko kusa. In akwai abin da ya sa amsar Franklin ta fi ta yaran New York nauyi, shi ne hanyar da aka bi aka same ta. Kolombo bai tsare shi a ɗaki ba, bai hana shi barci ba, bai ɗaga masa hannu ba, ko tsawa bai yi masa ba. A tsaye suke cikin biro, da rana, mutumin yana da kuɗin ɗaukar lauyan da ya ga dama. Kuma abin da ya faɗa ya ƙunshi bayanin da mai laifi kaɗai zai sani. Kolombo ba ya ma son riƙe bindiga. A wani kashi na 1975 har sai da ya roƙi abokin aikinsa ya je ya yi masa jarrabawar harbi. Makaminsa haƙuri ne, da ladabi, da komawa wuri ɗaya sau goma, da karanta tarin takardun da kowa ya raina.

Wannan shi ne darasin da muke ganin ya dace da duk mai aikin bincike, a ko'ina yake. Mari ba ya buƙatar ilimi, kuma ba ya kawo gaskiya, sa hannu kawai yake kawowa a ƙasan takarda. Aikin da ke da wuya shi ne a je a tambayi mai kanti, a nemi rajistar kira, a ga mai asirans, a auna tafiyar mota. A wani kashi na 1974 mai suna A Friend in Deed, mai kisan mataimakin kwamishinan ƴan sanda ne, wato shugaban Kolombo kansa, kuma da wannan haƙurin ya kama shi, ba tare da ya ji tsoron galan da ke kafaɗarsa ba.

Daɗin ganin babba ya faɗi

Akwai wani dalili kuma da ke sa mu saurin yafe raunin hujja a wannan filim, kuma gara mu faɗa wa kanmu gaskiya. Masu kisa a Columbo kusan duk manya ne: likitoci, attajirai, taurarin sinima, ƴan siyasa, hafsoshin soja. Suna zaune a gidaje masu lambu, suna kallon ɗan sandan nan mai yamutsattsiyar riga kamar almajiri ya shigo falo. Idan ya kayar da su a ƙarshe, talaka ko'ina yake a duniya sai ya ji sanyi a ransa. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Mu ma muna jin wannan daɗi, ba mu musu.

Sai dai a nan ne hatsarin yake. Mudun da muka yarda a auna wa mai kuɗi da shi saboda mun tsane shi, da shi za a auna wa talaka gobe, kuma talaka ne zai fi shan awon. A wajen filim, wanda ake kamawa bisa zato da alamu ba kasafai yake zama marubuci mai gidan hutu a bakin tabki ba. Yaron gida ne da aka nemi kuɗi aka rasa, ko ɗan kabu-kabu da aka gani ya wuce ta unguwar, ko baƙon da ba shi da kowa a gari. Franklin yana da zaɓin ya yi shiru ya kira lauya, girman kai ne ya hana shi. Yaron gida bai ma san akwai wannan zaɓi ba.

Haka nan abin yake idan aka yi ihun ɓarawo a kasuwa, ko aka turo guntun bidiyo a WhatsApp an ɗaure wani yana cewa shi ne. Kowa sai ya ji kamar ya ga farkon filim, alhali ƙarshen kawai aka nuna masa, kuma bai san abin da aka yi wa mutumin kafin a kunna kamara ba. Mai kallon da ya koyi tambayar "me takardar nan ta tabbatar?" a gaban telebijin, muna fata zai iya yin irin wannan tambaya kafin ya ɗauki dutse ko ya tura bidiyon gaba.

Abin da filim bai iya ba

Masu sake kallon wannan kashi suna yawan tuna wani abin baƙin ciki. Barbara Colby, wadda ta fito a matsayin Lily mai kanti, an harbe ta har lahira a Los Angeles a watan Yuli 1975, ita da wani abokin aikinta, suna fitowa daga ajin koyar da wasan kwaikwayo. Tana da shekara 36. A cikin filim, Kolombo ya gano wanda ya kashe Lily cikin ƴan kwanaki. A birnin da aka ce nan yake aiki, ba a hukunta kowa kan kisan matar da ta fito a matsayin Lily ba. Jack Cassidy ya rasu a gobara a 1976, Peter Falk ya rasu a watan Yuni 2011 yana da shekara 83, Steven Bochco a 2018.

Wannan ya isa ya tuna mana bambancin da ke tsakanin allo da rayuwa. A allo marubuci ne ke riƙe da alƙalami, shi ke sa mai laifi ya amsa a minti na 70 don a tashi a kwanta. A rayuwa wani binciken ba ya ƙarewa, kuma jarabar da ke kan ɗan sanda, da alƙali, da mu jama'a, ita ce a samu wani ko wane ne a rufe dosiye da shi don hankali ya kwanta. Dosiyen da aka bari a buɗe abin takaici ne ga dangin mamaci. Wanda aka rufe da marar laifi kuwa ya fi muni, don an ƙara zalunci bisa zalunci, mai laifin na gaskiya kuma yana yawo, kamar yadda aka gani a Montigny-lès-Metz.

Don haka muna tare da masu gardamar nan, ko wane ɓangare suke. Su ci gaba da sake kallo, su ci gaba da ja-in-ja kan takardar Ferris. Shawararmu ɗaya ce: in an zo kallo na gaba, a samu mutum ɗaya a fadar da bai taɓa ganin kashin ba, a fara masa daga inda Kolombo ya shigo, a ɓoye masa farkon. In an gama a tambaye shi ko zai ɗaure Franklin kafin ya buɗe baki. Amsar da zai bayar ita ce irin matsayin da alƙali ke samun kansa a ciki kowace safiya, kuma ita ce za ta nuna mana nauyin abin da muke nema idan muka ce a yi adalci.

Allah ya kare mu daga zato, ya kuma kare mu daga faɗawa hannun masu zato.